Wai Kuɗi Ba Ya Ƙirguwa

Ni ɗan Kantin Kwari ne, atamfa da shadda nake sayarwa, kuma ba na rufe shago sai na ƙirga ciniki har yatsa ya yi baƙi. Ran nan 'yar autata ta kawo mini aikin gida na Turanci, ta ce, "Abba, a nan many za a sa ko much?" Wai malamarsu ta ce many na abin da ake ƙirgawa ne, much kuma na wanda ba ya ƙirguwa. Na leƙa, na ga money a gaba. To, me ya fi kuɗi ƙirguwa a duniyar nan? Na ce rubuta many money, mu je gaba.

Daga nan kai ya kumbura. Na sa ta rubuta furnitures, tunda kayan ɗakin uwarta ma mota biyu ta kwaso su. Shawara kuwa mu shawarwari muke cewa, sai na manna wa advice harafin s. Information ma bai tsira ba.

Washegari takarda ta dawo jajir da biro, kamar an yanka kaza a kanta, har da saƙon cewa in zo makaranta.

Na je da babbar riga. Malama ta ce, "Alhaji, takardun naira ake ƙirgawa, money kuwa much yake ɗauka. Shinkafa ma sai an sa ta a buhu, a ce a bag of rice. Shawara guda ɗaya kuma a piece of advice."

Na ce, "Malama, shawarar yadi ce da za a yanko ta?"

Shinkafa na yarda, wa zai zauna ƙirgar ƙwaya? Amma wai chair na ƙirguwa, da an haɗa ta da gado da kabad sun zama furniture, shi ke nan lissafi ya ɓace wa Bature.

Abu ɗaya na kama nan take: a few customers, kasuwa ta ɗan motsa, few customers, ka wuni kana korar ƙuda. Ta ce irin waɗannan tambayoyin WAEC da JAMB ke kayar da yara da su, sannan cikin ladabi ta sanar da ni akwai ajin yamma na manya.

Yarinyar kuwa, yanzu da ta ji sallamata sai ta cusa jakar makaranta a ƙarƙashin gado.