Tarkacen maigida

Sati biyu ke nan muna ɗaurin kaya, za mu tashi daga unguwar Bagalam mu koma unguwar Ali Ɗan Sofo, amma kullum aikin baya yake komawa. Duk abin da na ware na zubarwa, da dare maigida ya bi ya tsince. Rediyon da ta mutu tun ina amarya, cajar waya har bakwai ba mai kawo wuta, tayar babur ɗin da ya sayar bara. Wai wata rana za su yi amfani!

Amma turmina, shi ne ya cika nauyi, wai mai amalanke zai ƙara kuɗi. Na ce: "Malam, a cikin rediyon zan daka maka fura?"