Sadakar Ɓoye a Baro Mai Kuka

A ƙungiyarmu ta unguwa, nan Garwa ta Kamaru, ba a taɓa rabon kayan Sallah an watse ba tare da ƙorafi ba. Shekarun baya a ƙofar gidan Jauro, wato mai unguwa, ake yi. A shimfiɗa tabarma, a kira suna da lasifika, mutum ya taso gaban jama'a ya karɓi ƙunshinsa, wani yaro na gefe yana ɗaukar hoto don ya zuba a WhatsApp. Mabuƙata na gaske kunya ta hana su zuwa. Masu zuwan kuwa, wasunsu a kan sabon babur suke ɗaure kayan.

To a azumin 2024, wanda ya faɗo tsakanin Maris da Afrilu, Baba Liman ya miƙe a taro ya janyo mana aya ta 271 a Suratul Baƙara, mai cewa ɓoye sadaka a kai wa matalauta shi ya fi alheri. Ya ɗora da hadisin mutum bakwai ɗin nan da za su sha inuwa ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba. Kowa ya ce madalla. Aka yanke cewa bana da dare za a kai, a ajiye a zaure a sulale. Liman da Alhaji shugaba kaɗai za su rubuta sunaye, kowane mai kai kaya da takardarsa daban, wanda ya bari sunan wani gida ya fita kuma tarar sefa 500 a kan kowane gida.

Ni ne magatakarda. Ba wata daraja ba ce, ni dai na cike takardun rajista da Faransanci lokacin da muka kai su ofishin ferefe, shugaban gunduma, bisa dokar ƙungiyoyi ta 1990, tun daga ranar kuma duk aikin da ba mai so sai a ce a ba mai biro.

Kaya sun yi kyau, wannan kam ba ƙarya. Da kuɗin wata-wata, sefa jaka ɗaya a kan kowa, ma'aji ya je kasuwar Pitowa ranar Lahadi ya sayo masakwa, tunda ba a daɗe da girbe ta ba. Aka haɗa da fidda kan waɗanda suka damƙa wa ƙungiya nasu, mudun Annabi huɗu a kan kowane rai. Kowane buhu aka ƙara masa shinkafar Yagwa, litar man Diamaor na kamfanin auduga Sodecoton, kwalin sukari da sabulu. Ni na ɗaure bakin buhunan da hannuna. Liman ya ce fidda kai ba a gabatar da ita sai da kwana ɗaya ko biyu, saboda haka aka tsayar da jajibirin jajibiri, ƙarfe 2 na dare, lokacin da a cewar Alhaji ƙafa ta ɗauke.

Alhaji yana da na'urar sanyaya ɗaki. Shi ya sa bai san cewa a watan Afrilu, da rana zafin Garwa na haura digiri 40, bango ya sha ya riƙe har asuba, ba mai kwana a ɗaki sai wanda ya gaji da duniya. Ƙafar wa ta ɗauke? Maza na kwance a kan tabarmi a ƙofar gida, masu tahajjudi na kai da kawo, teloli na ta surfa keke suna yi wa mutane alkawarin ƙarya, mata na suyar cincin da dubulan, 'yan mata sun miƙe ƙafa lalle na bushewa. Ko da azahar unguwar ba ta cika haka.

Na ari baro wurin mai buga bulo, na lalubo takunkumin da ya rage mini tun zamanin korona na rufe fuska, na ja hula. Turawar farko ƙafar baron ta saki wani kuka kamar ɗan akuyan da aka raba da uwarsa. In na yi sauri ya ƙara murya, in na rage ya ja ta da tsawo. Na tofa masa yawu, bai ji ba.

Gidan farko na wata Goggo ce da ke riƙon jikoki marayu. Na lallaɓa na sauke buhu a zaure, na juya a kan yatsun ƙafa, sai ƙurar masakwa ta shaƙe ni na yi tari sau ɗaya tak. Daga cikin duhu na ji an ce, "Wa nake ji kamar magatakarda? Ɗan nan, kai ne? Tarin nan irin na marigayi babanka ne." Na maƙe murya na ce ba ni ba ne. Ta ce to ko ba kai ba ne tsaya ka karɓi addu'a. Goggo ta fito har bakin titi da carbinta, ta ɗaga murya ta sa mini albarka, ta sa wa uwata, ta sa wa kakana da sunan unguwar da ya taso a Kano kafin fatauci ya kawo shi bakin Binuwai. Masu kwance a tabarmi suka tashi zaune suna amsawa da amin.

Ban yi nisa ba fitila ta haske ni, aka kwarma ihun ɓarawo da Fulatanci, "Gujjo! Gujjo!" 'Yan sintiri ne, samari da gorori. Babbansu ya ce kayan wa? Na ce ba zan faɗa ba. Ina za ka kai? Na ce shi ma ba zan faɗa ba. Daga ina ka ɗauko? Na ce daga sito na Alhaji, amma kada kowa ya ji. Har yau ina nan a kan cewa kowace amsa daidai take da dokar ƙungiya. Da aka fizge takunkumin wani ya ce, "Lah, Kawu ne!" Wani daga baya ya ce ai dama na gida shi ke sanin inda makulli yake.

Suka tasa ni gaba zuwa gidan Jauro, ni da tura barona, yana kuka, jama'a na biye. Jauro ya fito da zani a kafaɗa. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, magana ce ta sirri," na miƙa masa takardar don ya duba shi kaɗai. Na manta kunnensa ya yi nauyi, kuma bai iya karatu a zuci ba. Ya sa aka haska masa, ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, kowanne da sharhi. "Wannan gaskiya ne, mijinta ya rasu bara. Wannan kuma ɗansa ba ya aiko masa daga Duwala?" Da ya gama ya yaba wa ƙungiya, ya umarci samarin su ba ni haƙuri ta hanyar taya ni rabo. Haka muka ƙarasa sadakar ɓoye da fitilu da gorori, ana buga ƙofa ana kiran mai gida da sunansa.

Na iso gida gab da sahur, na tarar da ƙamshin suya. Uwargida ta ce, "Malam, wani bawan Allah ya ajiye mana buhu a zaure." Na duba ɗaurin, nawa ne. Na ce a mayar yanzu-yanzu. Ta nuna mini kasko, rabin man ya riga ya shiga cincin. Ta ce ma'aji ne ya kawo, ta gane takalminsa, kuma shi a ka ya ɗauko, ba wanda ya ji motsinsa.

A taron bayan Sallah na nemi jin wanda ya sa sunana. Baba Liman ya ce, "Malam, duk wata in an zo karɓar kuɗi kai ne ke cewa abubuwa sun tsaya, sai dai addu'a." Na ce Baba, ai wannan gaisuwa ce, duk ɗan kasuwa haka yake faɗa. Ya ce su dai sun ji tausayi.

Sai ma'aji ya tashi da lissafi: gida 7 sun fallasa ta hannuna, tara sefa 3,500. Kafin in buɗe baki Alhaji ya ce bai dace a ci mabuƙaci tara ba, asusun marayu da gajiyayyu ya biya mini, a kuma shigar da haka cikin littafin taro. Biro na hannuna, na tambaya ko da suna za a rubuta. Ya ce a'a, a sakaya, a sa "magatakarda" kawai.