A bambance jagora da mai lacca

Wani labari da na gani ya ce masu ƙananan sana'o'i suna buƙatar mai ja musu gora, ba jari kaɗai ba. Haka ne, amma taron horo na kwana biyu da takardar shaida ba ya gyara shago. Jagoran kirki zama zai yi da kai, ya buɗe littafin cinikinka, ya tambaye ka: kuɗin nan da ka zara ranar Laraba, na kasuwa ne ko na gida? Bashin da ka bayar, yaushe zai dawo? Da yawa daga masu sana'a, ciniki na tafiya, uwar kuɗi tana zagwanyewa, ba su ankara ba. Abin yana damuna ƙwarai. Don Allah masu shirya irin wannan horo, ku haɗa sabon tela da tsohon tela, a riƙa bibiya duk wata.