Biyar a Ɗebe Biyu

Bayan sallar isha'i ne a Gadarif ta ƙasar Sudan, lokacin yankan riɗi, gari ya cika da leburori da ƙura. A gindin fitilar Mai Agashe majalisa ta haɗu kamar kullum: Alaramma da carbinsa, Bafillatani da sandarsa, Babarbare dillalin riɗi da wayoyinsa biyu, sai tsohon Nazir, wanda ya bar shugabancin makaranta tun kafin a haifi rabin unguwar, amma har gobe da jan biro a aljihu yake kwana. Can sai ga jikansa, ɗan shekarar ƙarshe a kulliyar tarbiyya, kwalejin koyon aikin malanta, rungume da wani littafi. Unguwa ta riga ta naɗa masa Ustaz, alhali ko alli bai taɓa karyawa ba.

USTAZ: Salamu alaikum, iyayena. Taimako na zo nema.

MAI AGASHE: In bashi ne, an rufe littafi tun azahar.

USTAZ: Ba bashi ba ne, Kawu. Gobe muwajjih, mai duba malamai, zai zo makarantar da aka tura ni koyon aiki. Zai zauna a bayan aji ya ga koyarwata, ya ba ni maki. So nake na gwada darasin a kanku. Ku zama 'yan aji ɗaya na minti 40 kacal.

ALARAMMA: Ni da na haddace izu sittin tun gemuna bai tsiro ba, yau ni za a mayar aji ɗaya?

BABARBARE: Daure ka yarda, Alaramma, ko don wannan bawan nawa. Yau zai fara shiga aji tun da aka haife shi.

BAFILLATANI: Aradu in dai da Babarbare a ajin, na san ba ni zan zo na ƙarshe ba.

NAZIR: Ni ne muwajjih. Miƙo daftarin shirin darasi, ja'iri.

Tsohon ya gyara tabarau, ya lashi yatsa, ya shiga buɗe shafi.

NAZIR: Shafi huɗu? Duk don biyar a ɗebe biyu?

USTAZ: Haka aka koya mana, Tsoho. Manufar darasi, share fage, kayan koyarwa, gundarin darasi, sai tambayoyin auna fahimta.

NAZIR: Ina inda ka rubuta abin da za ka yi in yaro ya saki fitsari a wando?

USTAZ: Babu wannan a manhaja.

NAZIR: Shi zai riga share fagen zuwa. Mu a Bakhtar Ruda...

MAI AGASHE: An fara.

BABARBARE: Makarantar horon malamai, an kafa ta a 1934, kusa da Duwem, bakin Farin Nilu. Ranka ya daɗe, mun haddace, sai dai ka ba mu shahadar kammalawa.

NAZIR: Tun da kun haddace ku ji fassara. Baturen da ya kafa ta, Griffiths, da gangan ya kai ta ƙauye. Malamin da za a tura karkara, in ya saba da fankar Khartum, ranar da ya ga ɗakin ciyawa zai gudu. Can muka yi noma, muka yi shara, muka koyi yin kayan koyarwa da laka da kara. Har daga Najeriya ake turo mutane. Sheikh Abubakar Gumi ya zo a 1954.

ALARAMMA: Allah ya jiƙan malam.

MAI AGASHE: Kai ka gan shi?

NAZIR: Ya riga ni da 'yan shekaru. Amma bencin da na zauna, ina kyautata zaton nasa ne.

BAFILLATANI: Tsaya, kafin a shiga. Wannan makarantar firamaren taku, shekara nawa take riƙe yaro? Ina da ɗaya da shanu ke jira.

NAZIR: Da na fara aiki huɗu ce. A 1970 aka mayar da ita shida. Farkon shekarun 1990 aka ce takwas, aka kira ta asas. A 2020 aka sake komawa shida.

BAFILLATANI: To, kasuwar tana sauka ke nan. Zan jira. In ta koma huɗu a aiko mini.

Ustaz ya jingina murfin kwali a jikin teburi a matsayin allo, ya yi gyaran murya irin wanda ya kwana yana gwadawa a gaban madubi.

USTAZ: Ƙiyam!

Babu wanda ya motsa. Mai Agashe ne kawai a tsaye, shi ma don yana fifita wuta.

USTAZ: In malami ya shigo ana miƙewa. Ƙiyam!

ALARAMMA: Yaro, gwiwoyin nan ƙiyamullaili kaɗai suka sani, shi ma sai an lallashe su. Wuce zuwa julus, mun riga ka.

Sai Ustaz ya kama Larabci, ba na kasuwa ba, na littafi mai wasali a ƙarshen kowace kalma. Ya yi jimla uku masu tsawo. Alaramma ya lumshe ido yana gyaɗa kai, ya ɗauka huɗuba ce. Bafillatani ya ce amin.

NAZIR: Dakata. Makarantar da aka tura ka, 'ya'yan wa ke cikinta?

USTAZ: Yawanci na unguwar nan ne.

NAZIR: Wato yaran da jiya-jiya suka saki zanen iyayensu mata. A ɗaki Hausa, a tsakar gida Hausa. Wasu Larabcin titi ma bai zauna musu ba, balle wannan na labaran rediyo. Za su zuba maka ido, su ce na'am, ka ɗauka sun gane.

USTAZ: Ai manhajar da Larabci take. Kuma muwajjih ba ya jin Hausa.

NAZIR: Faɗi da Larabci mai sauƙi, ka nuna da hannu. Da ka ga muwajjih ya sunkuya yana rubutu, ka jefa musu Hausa guda biyu ƙasa-ƙasa. Da haka na ci shekara talatin.

USTAZ: Wannan ma babu a manhaja.

NAZIR: Shi ya sa nake faɗa maka da dare.

Ustaz ya sauko Hausa, ya saki murmushin da aka ce musu a riƙa yi wa yara.

USTAZ: To 'yan yara, share fage. Wa ya taɓa zuwa kasuwa?

BABARBARE: Ni, Ustaz! Yau ma can na yini. Da safe farin riɗi ya buɗe da kyau, sai ga wani Alhaji daga Kassala ya zo da mota uku, ni kuwa na riga na yi magana da wani manomi a Doka, kuma buhunansa akwai ƙasa a ciki, na ce masa...

USTAZ: Madalla, ya isa.

BABARBARE: Ban zo wurin awo ba tukuna.

Sai da ya zo wurin awo. Ya wuce har wurin rantsuwa. Wanda ya taɓa zama da dillali ya san ba a tare shi a tsakiyar ciniki, ko da cinikin ya wuce tun hantsi.

NAZIR: Minti 12 sun tafi. Ɗan aji ɗaya ba a yi masa tambayar da amsarta labari ce. Ka ce wa ya taɓa ganin akuya, hannu saba'in za su tashi, kowa da akuyar gidansu da abin da ta ci.

USTAZ: Mu shiga darasi. Baffa, kana da shanu biyar...

BAFILLATANI: Wa ya faɗa maka? Ba a ƙirga wa mutum shanu.

USTAZ: Misali ne. Kana da shanu biyar, sai aka ɗebe biyu.

BAFILLATANI: Wa ya ɗebe?

USTAZ: Babu kowa. Na ce misali ne.

BAFILLATANI: Saniya ba ta ɗebe kanta. A faɗi sunansa.

Ya jawo sanda kusa, yana kallon Babarbare.

BABARBARE: Ni me zan yi da ramammun shanunka? Ko kyauta aka ba ni sai na nemi ciko.

ALARAMMA: Yaron nan na da gaskiya. Shanu biyar ko zakka ba ta hau kansu ba, sai sun kai 30. Duk wanda ya ɗebi biyu ɓarawo ne. Ustaz, gyara tambayarka, kada ka koya wa 'ya'yan mutane sata.

USTAZ: Kawu, kai fa? Biyar a ɗebe biyu?

MAI AGASHE: Ni ka bar ni. Kaina ba ya ɗaukar lissafi, shi ya sa aka cire ni daga makaranta.

USTAZ: Shiru! Don Allah ku yi shiru!

ALARAMMA: Ga dorina a ƙarƙashin buzuna, in ara maka? Da ita na sa yara sun riƙe alu, ambaki, wau, zal a kwana uku.

USTAZ: An hana mu duka, Alaramma. Wanda ya amsa daidai a tafa masa, wanda ya kuskure a ƙarfafa masa gwiwa.

ALARAMMA: Wanda ya ciji ɗan'uwansa fa?

USTAZ: A zauna da shi a ji damuwarsa.

ALARAMMA: Damuwarsa haƙori ne ke masa ƙaiƙayi.

NAZIR: Bar shi, Alaramma. Ni na yi duka har hannuna ya gaji. Shiru kam ana samu. Amma ban taɓa ganin bulala ta sa yaro ya gane saura uku ba, sai dai ya haddace uku, gobe ka ce shida a ɗebe biyu ya ce maka uku. Kai kuma, ina kayan koyarwarka? Ga shi ka rubuta marafan kwalba guda goma.

Ustaz ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu.

USTAZ: Na baro su a gida.

NAZIR: Gobe ma haka za ka ce? Malami da abin da ke gabansa yake koyarwa. Duba kewayenka.

Ustaz ya duba. Babu tsakuwa, babu kara. Idonsa ya sauka kan tire, inda tsinkayen agashe ke jere, ƙuli ya kama jikinsu, mai na naso. Mai Agashe, wanda ko ɗanɗano ba ya bayarwa, ya turo tiren da hannu biyu.

MAI AGASHE: Ɗauki, ɗana. Ai ilimi ne.

USTAZ: Ga tsinke biyar. Ku ƙirga tare da ni. Yawwa. Baba, zo ka ɗebe biyu.

Babarbare ya ɗebe, ya zare naman da haƙori.

USTAZ: Ba ci na ce ba!

BABARBARE: In na riƙe a hannu ai suna nan, ba a ɗebe ba. Yanzu ne suka fita daga lissafi.

USTAZ: To shi ke nan. Saura nawa?

BAFILLATANI: Biyu.

USTAZ: Uku dai.

BAFILLATANI: Duba da kyau.

Ustaz ya duba. Biyu ne. Kumatun Bafillatani na motsi.

ALARAMMA: Ni fa ban gane ba. A maimaita.

NAZIR: Me aka ce muku game da ɗalibi mai jinkirin fahimta?

USTAZ: Kada a wuce a bar shi a baya.

NAZIR: To bismilla.

Aka sake jera biyar. A karo na biyu Alaramma ya ce ya fara hango abin daga nesa. A karo na uku ya ce da za a ƙara albasa da lemon tsami da ƙwaƙwalwa ta fi buɗewa. Duk wanda ya amsa, daidai ko kuskure, sai a tafa masa da hannu mai maiƙo. Muwajjih ma ya miƙo hannu ya ɗauki biyu, wai zai duba ingancin kayan koyarwa.

BABARBARE: Tsakani da Allah, ɗana, me ya kai ka wannan aiki? Tun da yaƙin nan ya ɓarke a 2023, malamai sun yi watanni ba albashi, makarantun garin nan suka zama masaukin waɗanda suka gudo daga Khartum da Madani. Zo na koya maka dillanci, kaka ɗaya ka sayi raksha mai ƙafa uku ta haya.

USTAZ: Baba, a layinmu kaɗai akwai yaran da suka kai shekara tara ba su taɓa riƙe fensir ba. Wani dai zai tsaya a gabansu.

Majalisa ta yi tsit. Nazir ya cire tabarau yana gogewa da bakin rawani, ya daɗe yana gogewa.

ALARAMMA: Allah ya yi maka albarka. Saboda wannan magana, a maimaita sau ɗaya, na tabbatar.

Aka maimaita na huɗu. Ajin gaba ɗaya ya amsa da uku, har da wani mai raksha da ya tsaya kallo.

USTAZ: Alhamdu lillahi! Tsoho, maki nawa?

NAZIR: Shida cikin goma. Muryarka ta fita, haƙurinka ya isa. Amma ka juya wa aji baya sau uku, kuma a nan ne kayan koyarwa suka riƙa ɓacewa. Gobe ka ƙirga allinka kafin ka fita.

Ustaz ya kai hannu zai ɗauki daftarinsa, sai ya ji an dafe shi.

MAI AGASHE: Biyar sau huɗu, ashirin. Da biyun muwajjih, 22. Albasa da lemo na yafe, saboda ilimi. Kuɗi a hannu ko ka turo ta Bankak a waya?

USTAZ: Kawu! Ba kai ka ce kanka ba ya ɗaukar lissafi ba?

MAI AGASHE: Na ɗebewa ne ba ya ɗauka. Na tarawa tun ina goye na iya.

USTAZ: Ai su suka ci!

BABARBARE: Mu yara ne. A ina ka taɓa jin ɗan aji ɗaya ya biya kuɗin kayan makaranta?

BAFILLATANI: Yau dai bawana ya faɗi gaskiya.

USTAZ: Tsoho, ka rufa mini asiri. In na fara ɗaukar albashi zan biya ka.

NAZIR: Albashin malami? Kai dai ka ce mu haɗu a lahira. Kuma muwajjih ba ya shiga harkar kuɗi.

MAI AGASHE: Daftari ya kwana a nan jingina. Kawo kuɗi da asuba ka karɓa.

Mai rakshan nan ya ce a ba shi tsinke uku, a naɗe masa zai kai gida. Mai Agashe ya duba ƙarƙashin teburi, takardar naɗi ta ƙare. Ya buɗe daftari.

MAI AGASHE: Ranka ya daɗe, cikin shafi huɗun nan wanne ne ba ya buƙata?

NAZIR: Yagi na share fage.