Samari, ku daina barin ɗan'uwanku wuya a lanƙwashe

Wallahi abin da na gani shekaranjiya a wata fada ta bayan tasha har yanzu yana ci mini rai. Yaro matashi ɗan kabu-kabu ya haɗa tramol da wasu ƙwayoyin sa barci, ya zube jikin bango, haɓa ta kafe a ƙirji, kai ya rataya. Abokansa na nan suna zuba shayi, ɗaya har ya ɗauko waya yana ɗaukar shi bidiyo ana dariya wai "ku ƙyale shi, in ta sake shi zai tashi". Haba jama'a!

Ƙanne na ku ji, ƙasusuwan wuya guda 7 ne kuma ta cikinsu laka ta ratsa, ita ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa. Mai barcin lafiya in wuya ya ƙage ciwo ke tada shi ya juya, amma wanda ƙwaya ta kayar ba ya jin komi, sai ya share awoyi a haka, lakar ta matse jini ya daina isa gare ta, kamar ka lanƙwashe tiyo ruwa ya tsaya. Gari ya waye ya buɗe ido amma ƙafa ta ƙi, yatsu ba su riƙe ko kofi, wani fitsari ma sai an sa mishi roba. Kuma laka in ta mutu ba ta tohowa, wani har ƙarshen rayuwa a kwance.

To ku da kuke zaune gefensa mi ya hana ku kwantar da shi kan haƙarƙari, ku daidaita wuyan a hankali, ku nemi mai kai shi likita? Wai tsoron kar a tambaye ku abin da ya sha. Kun ci kuɗin aikinsa tare, kun sha tare, ya faɗi kun mai da shi abin tura wa a WhatsApp. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai ruwa kake shafa wa naka, ku ko dariya kuke. Ga masu tallar magani a faranti suna yawo unguwa-unguwa suna saida wa yara, su ma Allah na gani.

Da a Maradi yaro bai isa ya yi maye a bakin titi ba, dattijon unguwa kaɗai ya ishe shi, ko ba ɗansa ba ne zai ja kunnensa har gida. Yanzu dattijon ma wucewa yake ya kauda kai, tsoron zagi, uwa ce ake bar wa juya ƙato a tabarma tana wanke shi. Allah Ya shirya mana zuri'a.