Sallarka ta haya ce?

'Yan'uwana matasa, musamman ku da kuka cire kakin bautar ƙasa kuka dawo gida kuna jiran kira, ku ba ni aron kunnuwanku.

Na san wannan zaman. Shekara biyu na yi ina yawo da takarduna a ambulan, har gefensa ya yi baƙi saboda gumin hannu. Ranar da ta fi yi min ciwo ita ce wadda Inna ta kwance bakin zaninta ta miƙo min kuɗin mota, ni da ya kamata a ce ina ciyar da ita. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin motar ma suka gagara, na koma takawa a ƙasa.

A lokacin na duƙufa da sallar dare da azumin Litinin da Alhamis. Wanda ya gan ni zai ce imani ya kai maƙura. Amma can cikin raina lissafi nake yi: na yi wata uku ina tsayuwa, to ina aikin? Da sunayen waɗanda aka ɗauka suka fito babu nawa, sai asuba ta fara kuɓuce min. Wannan cutar nake so in ja kunnenku a kanta, domin tana cin da yawanmu a ɓoye.

Kawuna tela ne a bakin kasuwa, shi ya lura ba ya ganina a sahu. Bai yi min faɗa ba. Yana taka keke ya karanto min aya ta 11 a Suratul Hajji, wadda take maganar mai bauta wa Allah a kan gefe: in alheri ya same shi ya natsu, in jarrabawa ta zo ya juya baya. Sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, kai sallarka ta haya ce?" Wallahi na kasa haɗa ido da shi.

Ku tuna fa, shekara uku Ƙuraishawa suka tsare Manzon Allah (SAW) da danginsa a Shi'ibu Abi Ɗalib, ba ciniki ba auratayya, har ganyen itace aka ci. Fitowarsu ke da wuya Abu Ɗalib ya rasu, Nana Khadija ta bi baya. Ya tafi Ɗa'ifa neman masu karɓar kira, suka sa yara da wawaye suka yi ta jifansa har ƙafafunsa suka yi jini. Mafi soyuwar bayi a wajen Allah ke nan. To wa ya gaya maka jinkirin aikinka alamar an yi fushi da kai ne?

Ba cewa nake ku daina roƙo ba. Ku roƙa, ku yi kuka a sujada, ku faɗi buƙatarku da sunanta. Sanya wa Allah wa'adi ne bai dace da bawa ba. Kuma kada a naɗe hannu a majalisa da sunan haƙuri. Nana Hajara sau bakwai ta yi kai-komo tsakanin Safa da Marwa kafin Zamzam ya ɓulɓulo.

Ni dai na koma masallaci aljihuna wayam. A shagon Kawu na fara da saka maɓalli da guga, yanzu ina yanka kaftani da kaina. Har yau ofishin nan bai kira ni ba. Amma akwai wani abokina a layinmu da ya kwana biyu ba ya fitowa asuba, gobe in Allah Ya kai mu ƙofarsa zan fara ƙwanƙwasawa.