Tankin Sidi Arba'in Da Ya Jefa Gidanmu Cikin Duhu

Tankokin mai nake tarawa. Kafin a ɗauka attajiri ne ni, ƙananan taragun jirgin ƙasa na wasa nake nufi, irin na da, waɗanda ɗaya bai wuce tsawon tafin hannu ba. Layin dogo ya iso Kumasi daga Sekondi tun 1903, amma jirgin da na tabbata yana tashi kowace Asabar bayan La'asar shi ne wanda ke zagaya falle ɗaya na filawud a ɗakina a Aboabo. Girman da nake tarawa shi ne HO, wato an rage tarago na gaske sau 87, tsakanin ƙarafan titinsa kuma milimita 16.5 ne. Ku riƙe wannan lambar, ita ta yaudare ni.

Wani dattijo mai kayan gwanjo a wajen tsohuwar tashar jirgi ya aiko yaro ya kira ni, wai kwantena ta zo da irin shirmena. Kwali ne guda, a ciki tankoki biyar da wata taransifoma baƙa mai nauyi. Uku na roba ne 'yan Amurka, ɗaya gindinsa ya tsattsage, na biyar kuwa ƙirar kamfanin Märklin ne na Jamus, jikinsa ƙarfe, fentinsa bai ko ƙwarzane ba. Na daure fuska na ce, "Baba, ai wannan kayan wasan yara ne." Ya ce, "To yaron ya kawo sidi arba'in kowanne." Taransifomar gyara ya ba ni.

A gida na wanke su da ruwan ɗumi da ɗigon sabulu da tsohon burushin haƙori. Kada ka kuskura ka kai musu tina ko ruwan goge farce, roba narkewa take yi, ko sifirit ma yana iya tafiya da rubutun jikinsu, alhali rubutun nan shi ne rabin darajar tsohon tanki. Mai tsattsagewar na ajiye gefe. Cuta ce ta tsohon zubin tutiya da dalma ta gurɓata tun a masana'anta: ƙarfen ya kumbura, ya dare, ya koma kamar busasshiyar kuli-kuli, danshin Kumasi kuma yana ƙara masa gudu. Gam ba ya maganinsa.

Sai ƙugiyoyin da ke haɗa tarago da tarago. Na Amurka irin mai ƙaho, na Jamus zobe ne da ke faɗawa kan ƙugiya, kan jirgina kuma ɗan Ingila ne mai faffaɗar baka. Babu wanda ya yarda ya gaisa da wani. Abin da masu hankali ke yi shi ne su ware tarago ɗaya su sa masa ƙugiya iri biyu, gaba daban baya daban, ya zama tafinta. Ni na lallaɓa na yanko zaren kitson uwargida.

Na ɗora Bajamushen a kan titi, ya zauna daram, domin faɗin ɗaya ne. Na murɗa na'urar da ke ba titin wuta. Kan jirgi ko motsi. Na'urar murɗawar ta yi ƙas, jar fitila ta kama. Na leƙa tsakar gida na yi shela cewa an ɗauke wuta. Uwargida ta ɗaga kai ta dubi fanka tana ta juyawa, ta ce, "Maigida, wutar kanka ce aka ɗauke."

Na goge titi, na ƙara matse wayoyi, na jira na'urar ta huce, na sake murɗawa. Ƙas. Sau huɗu. Ko sau ɗaya ban yi tunanin sauke sabon baƙon ba, don wa zai zargi tarago, abin da ko inji ba shi da shi? Na yanke hukunci na'urata ta mutu, na jawo taransifomar gyara.

Filoginta mai ƙafa biyu ne faffaɗa, soket ɗinmu mai huji uku, sai na sa adafta. Adafta siffar baki kawai take canzawa, ba ta rage ƙarfin wuta. Wutar Ghana volt 230 ce, ita kuwa baiwar Allah an yi ta ne don volt 120 na Amurka, kuma an rubuta hakan a ƙasanta, wurin da ban juya na duba ba. Ta fara gurnani kamar tsohuwar trotro a hawan tudu, ta ɗauki zafi, wari ya tashi, sai hayaƙi, sai tas! Gidan haya ne mai mita ɗaya. Ɗaki tara suka yi ɗif a tare, ana tsakiyar kallon ƙwallo, firijin Hajiya mai gida cike da sobolon sayarwa, wato zoɓo.

Da Hajiya ta iso ƙofata da tocila, abin da ta gani shi ne magidanci mai 'ya'ya huɗu a durƙushe, yana fifita hayaƙi da faifai, gabansa jerin tankoki ɗaure da zaren kitso. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Malam, man da ke ciki ne ya kama?"

Washegari mai gyaran rediyo na bakin layinmu ya warware zancen a cikin minti ɗaya. Ya sa mitarsa ta gwajin wuta a wurin da take yin ƙara idan wuta ta sami hanya, ya taɓa ƙafar hagu da ta dama ta tankin roba, shiru. Ya taɓa na Bajamushen, mita ta ce fiii. Ga yadda abin yake. A titina, wuta tana shiga ta ƙarfe ɗaya ta dawo ta ɗayan, iyakarta volt 12, saboda haka dole a raba ƙafafun kowane tarago, ko dai su zama na roba, ko a sa ɗan zoben roba tsakanin ƙafa ɗaya da sandar da ke haɗa su. Tsarin Märklin na HO daban ne: wuta tana bi ta tsakiyar titi, ƙarafan gefe biyun kuma abu ɗaya ne, don haka ƙafafunsu ƙarfe ne zalla daga wannan gefe zuwa wancan. A titinsu daidai ne. A nawa, kamar na ɗora ƙusa ne a gicciye. Na'urata lafiyarta ƙalau, kare kanta take yi.

Gyaran ba wuya, amma yana son awo. Ka cire ƙafafun, ka auna tsawon sandar da faɗin ƙafar da kalifa, wato ma'aunin kauri, ka duba ko bakin sandar mai tsini ne ko siriri kamar allura, domin tsofaffi da sababbi ba iri ɗaya ba ne, sannan ka nemi rababbun ƙafafu masu wannan awon. Tsakanin bayan ƙafa da bayan ƙafa ya zama kusan milimita 14.4, in ya gaza haka zai yi tuntuɓe a mararraba. Idan ƙafafu huɗu suna cikin gida ɗaya na ƙarfe, zoben robar duka ya kalli gefe guda, in ka juya ɗaya wuta za ta bi ta jikin gidan, ka koma gidan jiya. Tsofaffin ƙafafun kuma ka ƙulle su a leda ka adana, mai saye na gaba zai tambaya. Taransifomar Amurka kuwa sai da mai rage wuta zuwa volt 120, wannan ilimin na saye shi da kuɗin mai gyaran wuta da sobolo leda sittin, wanda yaran gida suka shanye da ɗuminsa.

Daga nan na sayi mitar kaina. Da kwantena ta sake zuwa na tafi da ita wurin Baba, na tsuguna ina gwada ƙafafu ɗaya bayan ɗaya don in san nawa zan canza. Biyu suka yi shiru, na uku ya ce fiii. Baba ya miƙe zaune. Ya karɓe tankin daga hannuna, ya goge shi da bakin riga, ya jinjina nauyinsa, ya tura shi can cikin aljihu.

Na ce, "Baba, wannan shi ne mai matsalar."

Ya ce, "Ɗana, shekara shida na yi a Obuasi. Na san kukan da injin nan yake yi in ya ji zinariya."